Fiyus Mai Hular Zinariya

Shekarar da aka kai ni ɗaki a Yelwa, jihar Kebbi sabuwa ce dal, allunan bakin hanya ma ba a gama goge musu tsohon suna ba. Mijina malamin firamare ne, kuma duk abin da ya mallaka a duniya babu wanda yake ji da shi kamar rakodarsa. Ba irin ƙaramar nan da samari ke ratayawa a kafaɗa ba ce. Hawa-hawa take, gidan kaset a sama, akwatin ƙara sauti a ƙasa, ga sifika biyu kowace ta kai tsayin turmi. Wani abokinsa ne ya bar masa ita da aka mayar da shi aiki Birnin Kebbi. Ranar da 'yan'uwana suka zo jere, sai da aka matsar da kwanukana gefe don kada su goge ta. Na kalli kwanukan, na kalli rakodar, na ce a raina, to, Allah ya ba mu zaman lafiya.

Gidanmu a bakin ruwa yake, daga tagar ɗaki kana hango tsallake. Idan gari ya yi garau, har hayaƙin banda na tungarmu, ƙauyen masuntan da na fito, nake gani yana tashi siriri daga cikin itatuwa. A gindin wannan hayaƙin Inna take, tana juya kifi.

Ni ce 'yar farin Inna. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar Baba, wadda dangarta ke jikin tamu. Na girma ina ganin Inna kullum, tana ɗaukar ƙannena, tana yi musu kitso, tana zaginsu, ni kuwa ko zagin ban samu ba. In dole ta kama a yi maganata, sai ta ce "waccan". Na san al'ada ce, na san ita ma haka aka yi mata. Sanin bai taɓa rage mini komai ba. Da aka haye da ni ruwa aka kawo ni gidan miji, abu ɗaya ya tsaya mini a rai, ko Inna tana tunawa da ni a can, ko kuwa tafiyata sauƙi ce ta zo mata. Ba tambayar da ake yi wa uwa ba ce, kuma ko an yi ba za ta amsa ba.

Malam, haka nake kiran mijina, ya lura da yawan tsayuwata a taga. Bai iya lallashi ba, amma ya iya rakoda. Wata rana bayan la'asar ya kinkimo sifika ɗaya ya ɗora kan teburin da yake duba littattafan yara, ya juya fuskarta ga ruwa, ya sa kaset ɗin kiɗan kalangu, ya murɗa.

"Amarya," ya ce, "sauti gudu shikai bisa ruwa. Bari mu gaishe da mutanenku."

Na ce, "Malam, maƙwabta hwa?"

"Su ma su sha."

Daga ranar abin ya zame mana ɗabi'a. In ya dawo makaranta ya ci abinci ya yi la'asar, sai kiɗa, har rana ta yi ja, sannan ya kashe kafin kiran magariba. Ni kuma in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin taga in kwanta, in bi kiɗan da zuciyata. Ina ganin yadda yake fita ta taga, ya gangara ta wurin mata masu wanki, ya ratsa tsakanin jiragen da aka ɗaure, ya hau ruwa. Yakan bi ta kan kainuwa, ya wuce masunta masu jefa tarun birgi, ya kai tsakiya inda ruwa ke yin duhu. A daidai nan Gwaggo ta ce tsohon garinmu yake kwance tun da aka tare kogi, da rumbunansa da tsamiyarsa da kaburburan kakanninmu. Nakan ji kamar kiɗan yana rage gudu in ya zo wurin, ya yi sallama, sannan ya wuce. Daga nan sai yashi, sai tarun da aka shanya, sai banda. A nan tunanina yake tsayawa kullum. Na kasa ganin fuskar Inna lokacin da kiɗan ya isa gare ta, bayanta kawai nake gani.

To, wutar lantarkin lokacin ba ta da alƙawari. Muna zaune a bakin ruwan da ake yin ta da shi, amma sai ta ga dama take zuwa, wani lokaci ta zo a sanyaye kamar mai jin barci, wani lokaci ta faɗo da ƙarfi. In ta faɗo haka, sai ka ji ɗan ƙas a bayan rakoda, komai ya mutu. Malam ne ya nuna mini abin da ke ƙonewa. Ɗan kwalba ne da bai kai gaɓar yatsa ba, da hular ƙarfe a kowane kai, da wani zare a ciki siriri kamar gashi. Fiyus ke nan. Aikinsa ya ƙone don kada rakoda ta ƙone. Mutane da yawa in nasu ya mutu, takardar azurfar kwalin sigari suke naɗa masa su mayar, su ci gaba da sha'aninsu. A wurin Malam wannan ya kusa zama laifin da za a kai mutum gaban alƙali. Shi yana da gwangwanin madara cike da fiyus na kasuwa, in ɗaya ya mutu ya sa wani.

Ana nan sai wani mai sayar da kayan wuta a kasuwar Yelwa, wanda ke sauka kudu sayayya, ya kira shi gefe ya nuna masa wani abu a cikin ɗan akwati da aka shimfiɗa wa auduga. Fiyus ne shi ma, girmansu ɗaya da na gwangwani, sai dai hulunansa ruwan zinariya ne. Ya ce masa irinsa ake sa wa manyan kayan kiɗa a Turai, kuma duk wanda ya sa shi zai ji abin da bai taɓa ji ba a cikin kaset ɗin da ya haddace. Malam ya shigo gida da shi a tafin hannu, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ya zaunar da ni ya yi mini darasi, don malami ko a gida malami ne. Ya ce duk wutar da za ta zama kiɗa, ta cikin wannan ɗan zaren take bi. In hanyar ba ta da kyau, wutar za ta isa a gajiye da datti, kiɗan ya fito a dushe. In hanyar zinariya ce, za ta isa da tsabtarta. Na ce to ai wayar da ta taho tun daga madatsar ruwa, ta bi daji, tsuntsaye suka yi mata kashi, ba zinariya ba ce. Ya ce in bar wannan maganar, ba fannina ba ne.

Ya sa fiyus ɗin, ya kunna, ya rufe ido. Na ga fuskarsa ta saki kamar ta wanda ya sha ruwan randa da azahar.

"Kin ji? Kin ji yadda kalangun ga yab buɗe?"

Na kasa kunne iyakar ƙoƙarina. Kalangu dai kalangu ne.

"Malam, wallahi awa na jiya."

"Ke dai kunnuwan masunta, dut ruwa ya cika su."

Ranar Asabar abokansa suka taru a zaure, har da wani malamin asibiti da ke aiki a Ngaski da wani hedimasta daga Birnin Yauri. Ina daga ciki ina jin su. A sa na gwangwani a saurara, a cire a sa na zinariya a saurara. Hedimasta ya rantse cewa goge ya fito fes kamar an wanke shi. Malamin asibiti ya ce shi gangar ce ya ji ta ƙara ciki. Wani na uku ya ce duk zancen banza ne, ido ne ke ji musu ba kunne ba, su juya baya a gwada su a gani. Aka sa hedimasta ya juya baya, ya zaɓi na zinariya, aka yi shewa. Aka sake, ya zaɓi na gwangwani, ya ce hayaniya ce ta rikita shi. Har shayi ya ƙare ba su rabu da gardama ba, kuma ban ji wanda ya sauka daga kan bakansa ba.

Ni dai gaskiyata, kiɗan yakan canza, amma ban taɓa kama fiyus da hannu a ciki ba. Ranar da wuta ta zo da rauni, kaset yakan ja murya kamar mai maye. Ranar da iska ta taso daga tsallake, sai ta maido mana kiɗan cikin ɗaki. Lokacin da ruwa ya cika ya kwanta lumui, sautin yakan yi wani irin daɗi, in ruwa ya janye ya bar taɓo kuma sai ya yi gajere. Ranar da Malam ya sha faɗa da iyayen yara, babu fiyus ɗin da ke gamsar da shi. Amma ba zan ɓoye ba, akwai yammacin da nake kwance, rana tana shigowa ta taga ta sauka kan rakoda, na ji kamar kiɗan ya yi haske, kamar an ɗaga wani labule. Ko zinariyar ce, ko ranar ce, ko ni ce, Allah masani.

Abin da ya sa ban yi masa dariya da yawa ba shi ne wata magana da ya faɗa. Ya ce da na gwangwani kiɗan yana isa tsallake a farfashe, amma da wannan zai isa ɗungum, har Inna ta ji kamar a gefen bandarta ake yi. Ban yarda ba, amma ina so ya zama gaskiya.

Ranar kasuwa mutanenmu kan hayo da kifi da albasa. Gwaggo ba ta fashin biyowa ta gidana. Na tambaye ta ko ana jin kiɗanmu a can.

"Ana ji mana. In iska ta kwanta har yara na taka rawa bisa yashi."

"Ya ƙara fitowa kwanan nan?"

"Mi zan sani? Dum-dum dai muka ji."

Na yi ta juya cokali a kwano, sannan na ce, "Inna hwa?"

Gwaggo ta dube ni ta gefen ido. "Innarki tana wurin bandarta. Wa ya san abin da taka ji? Kin taɓa ganin ta ɗaga kai?"

Ban taɓa gani ba. Bayan tafiyar Gwaggo na shiga ɗaki na yi kukana, na share ido, na ɗora tukunya.

Cikin wannan hali na samu ciki, ya zo mini da laulayi mai wuya. Ko warin kifi ba na so, ni da aka haifa a gindin banda. Na rame har zoben hannuna yana zamewa. Wata ranar kasuwa Gwaggo ta zo ta same ni kwance, ta tattaɓa ni, ta ce lokacin da za a ɗauke ni zuwa gida goyon ciki bai yi ba tukuna, in daure. Na san za ta kai labari tsallake yadda ta gan ni, kuma na san wadda za ta ji labarin ba za ta ce uffan ba.

Washegari wuta ta faɗo da ƙarfinta, muka ji ƙas. Malam ya buɗe bayan rakoda, ya zaro fiyus ɗinsa ya ɗaga a haske. Hulunan suna nan suna ƙyalli, zaren ciki kuwa ya tsinke, kwalbar ta yi baƙi. Zinariya ba ta hana shi mutuwa irin ta 'yan'uwansa ba. Malam ya ruga kasuwa, aka ce mai kayan ya sauka kudu, sai an gan shi.

Na ce, "Ga gwangwani nan cike, ka sa wani."

Ya ce ina, kunnensa ya riga ya saba da mai kyau, ba zai koma yana jin kiɗa kamar daga cikin tulu ba. Zai jira. Da ina da lafiya da na tsaya masa a wuya har sai ya sa. Amma jikina ba ƙarfi, zuciyata kuma ta riga ta karaya. Na ce a raina, wa ake yi wa kiɗan ma? Yara masu rawa a kan yashi za su samu wani abin yi.

Gidan ya yi tsit. La'asar ta zo ta wuce, ba abin da nake ji sai bugun wankin mata da kukan injin jirgi daga nesa. Nakan kwanta ƙarƙashin tagar kamar da, amma babu abin da zan bi in haye. Ruwan ya ƙara faɗi a idona, hayaƙin tsallake ya koma kamar na wata ƙasa. Haka muka yi 'yan kwanaki, Malam yana goge rakodarsa da tsumma yana leƙa kasuwa.

Wata safiya, kasuwa ba ta ma zagayo ba, ina zaune a tsakar gida ina ƙoƙarin shan kunu, Malam yana shirin fita, sai muka ji sallama a ƙofa. Nan take na gane muryar. Inna ce. Ba ta taɓa taka gidana ba, ba a kuma sa ran za ta taka. Malam da ya gane surukarsa ce, sai ya yi wuf ya faɗa ɗaki ya saki labule, don shi ma tsakaninsa da ita kunya ce, ba ya haɗa ido da ita.

Ta shigo, zanenta jiƙe har gwiwa, ƙafarta duk taɓo. Ita kaɗai ta tuƙo ƙaramin kwalekwalen Baba. A kanta akwai wani baƙin mayafi na saƙi, wanda na sani sarai. A ƙasan adaka yake zama, ba ta fito da shi sai za ta gaisuwar mutuwa.

Ta tsaya a tsakar gida. Idonta ya sauka a kaina sau ɗaya, daga fuska zuwa ciki zuwa kofin kunu, sannan ta kawar da kai ta kalli danga. Na ga ƙirjinta yana hawa yana sauka. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa dangar.

Allah ya taimake mu da wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta ga shigowarta ta biyo baya. Ita ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta zama bakin da za a yi magana ta cikinsa.

"Lahiya kika yi sammako haka, ba ranar kasuwa ba?" in ji tsohuwar.

"Lahiya lau. Na zaka wucewa na."

Babu inda ake wucewa ta gidanmu, daga mu sai ruwa. Tsohuwar ta yi murmushi ta ƙyale ta. Inna ta sha ruwa, ta ajiye moɗa. Sannan ta ce wa tsohuwar, murya ƙasa-ƙasa:

"Kwana biyu ba a jin gidan ga."

"Abin kiɗan nasu na yal lalace."

"In wuta anka ɗauke, na sani, don lasihikar masallacinku ma shiru takai. To ga kiran salla muna ji dut lokaci, gidan ga ko shiru. Gidan da ad da lahiya ba ya yin shiru haka nan. Kuma an ce mani waccan ba ta jin daɗi."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini cikin kunu ba. Ashe kullum tana ji. Ashe ta san lokacin da ake kunnawa da lokacin da ake kashewa, har ta san yadda za ta bambance ɗaukewar wuta da abin da take tsoro. Duk yammacin da nake kwance ina ganin bayanta, kunnenta yana wajena. Na ji daɗi, na ji haushi, na ji tausayinta, duk a lokaci guda, kuma babu ko ɗaya da zan iya faɗa mata.

Daga bayan labule Malam ya yi gyaran murya. Ko a wannan hali bai haƙura ba. Ya kira tsohuwar a hankali ya ce ta tambayar masa, da girmamawa, ko a 'yan watannin nan kiɗan ya fi isa tsallake da kyau fiye da na farko. Tsohuwar ta isar da tambaya tana danne dariya.

Inna ta ce, "Ni ban san kyawon kiɗa ba. Ana yi ko ba a yi, shi kaɗai nika saurare."

Ta miƙe, ta gyara mayafi. Tsohuwar ta ce ta tsaya ta ci abinci, Inna ta ce ta bar kifi a wuta. Har ta kai ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce wa tsohuwar:

"Ki hwaɗa ma mai gidan ga, in abin nashi ya lalace, ya samu ko garwa ta ya riƙa bugawa."

Ta fita. Na bi ta a baya har bakin ruwa, ba ta hana ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba. Ta kwance kwalekwale, ta tura, ta hau, ta kama filafili. Ina tsaye ina kallonta tana ƙanƙancewa a kan ruwa.

Ta kusa tsakiya sai na ji kalangu ya ɓarke a bayana, da safe tsaka, lokacin da ya kamata a ce Malam yana gaban allo. Ya zazzage gwangwanin madara ya sa na kasuwa, ya murɗa har ƙarshe, har mata masu wanki suka ɗago kai. Kiɗan ya wuce ni ya hau ruwa.

Na ga filafilin ya tsaya. Kwalekwalen ya ɗan juya da kansa, ruwa yana jan sa a hankali. Inna ta kai hannu ta zare baƙin mayafin daga kanta, ta ninke shi a kan cinya, ta tura shi ƙarƙashin mazauni. Sannan ta ɗauki filafili ta ci gaba da tuƙi, ba ta waiwayo ba.